Maganin 'Yar Fari

Daminar da na yi zazzaɓin taifot a gadon mahaifiyata na kwanta, kuma tun da na yi wayo ban taɓa kwana a kansa ba sai lokacin. Ni ce 'yarta ta fari. Tun daga yaye kakata ta ɗauke ni ta tafi da ni unguwar Hanwa, can na girma, can na yi karatu. Sai bayan rasuwar tsohuwar na tattara komatsaina na dawo gidanmu na Tudun Wada, ina da shekara ashirin da 'yan kai, ina koyarwa a wata firamare. Mahaifinmu ya riga ya rasu, ƙannena kuwa daga masu aure sai 'yar autarmu da ke makarantar kwana. Gidan ya zama daga ni sai mahaifiyata.

Yaya nake ce mata, yadda na ji ƙannenta suna faɗa a gidan kaka, kuma duk layinmu haka ake kiranta. Ita kuwa ba ta da abin da take kirana da shi. In tana so in zo sai ta ce "ke". In tana zancena da wani sai ta ce "waccan". In aka yabe ni a gabanta sai ta tashi ta je duba tukunyar da ba ta buƙatar dubawa. Kunyar ɗan fari ce, kowa ya san da ita, amma ta Yaya ta fi ta kowa. Matan layi suna yaba mata, suna cewa irinsu sun ƙare a duniya. Ni dai ban taɓa ganin abin yabo a ciki ba. Haushi nake ji, kuma har yau in na tuna wasu abubuwan sai in ji ya taso mini.

Ciwon ya fara da kasala da ɗacin baki. Na ɗauka maleriya ce irin ta kowace damina, sai na ga kwanaki suna tafiya, zafin jiki yana hawa da yamma, cikina yana murɗawa. Ni kaɗai na tari keke mai ƙafa uku na je asibiti, don Yaya ba za ta bi 'yar fari a titi kowa yana gani ba. Aka ɗebi jinina aka auna. Likitar wata mace ce mai ƙaramar murya, dole sai ka matso kafin ka ji ta. Ta tambaye ni ko ina da ciki, ta tambaye ni ko akwai maganin da ya taɓa yi mini illa, sannan ta rubuta.

"Malama," ta ce, "wannan maganin kashe ƙwayoyin cuta ne. Ba irin na ciwon kai ba ne, da ake sha in ya tashi a bari in ya lafa. Ɗaya da safe, ɗaya da magariba, kullum a lokaci guda, da ruwa cike da kofi. Kada ki haɗa shi da nono ko madara, ki bar 'yan awanni a tsakani. Za ki ji sauƙi tun kafin ya ƙare, amma ki shanye shi tas. In kin ga ƙuraje sun feso miki, ko leɓe ya kumbura, ko numfashi yana yi miki wuya, ki dakata ki dawo nan take."

Na dawo gida na maimaita wa Yaya duk abin da aka ce, ina magana tana tsintar shinkafa kamar da bango nake yi. Amma ta ji. Ta karɓi ledar maganin ta saka a wata langa mai zanen fure a saman kabet, ta ce in koma ɗakinta don nawa yana yoyo. Furar da take dama mini da safe ta mayar da ita azahar. Da safe in rediyo ya fara labarai, da kuma bayan ta sallame magariba, sai ta shigo da ƙwaya ɗaya a murfin kwano da kofin ruwa, ta ajiye a kan kujera 'yar tsugunno, ta juya ta fita. Bayan zanenta kawai nake gani.

Kwanakin da suka biyo baya ba zan iya jera su ba, sun narke sun shiga juna. Akwai wani tabon ruwa a silin ɗakin, daidai saitin fuskata, shi nake kallo wuni guda. Wani lokaci ya zama kan saniya, wani lokaci ya zama unguwar Hanwa da lungunanta, in bi su ɗaya bayan ɗaya har in isa ƙofar kaka. Ruwa yana sauka a kan kwano, injin markaɗen bakin layi yana tashi yana mutuwa, 'yan keke suna ta hon daga nesa kamar daga wani gari. Sai in ji ruwan kogin Kubanni ya shigo ɗakin a hankali, ba da faɗa ba, ya ɗaga gadon ya fita da ni ta zaure. In wuce masu gasa masara, in wuce mai shayi, kowa yana harkarsa cikin ruwa har gwiwa ba wanda ya damu. Ɗalibaina suna zaune a kan katanga suna rera lissafin sau biyu. Kaka kuma tana gefen gadon tana tsinke zogale, ba ta tsufa ba, ba ta mutu ba, tana yi mini faɗan na fita ba ɗankwali. Ban ji tsoro ba ko kaɗan. Daɗi ma nake ji, irin na wanda aka goya.

Katangar da ke tsakaninmu da maƙwabta gajeriya ce, kuma akwai wani tsohon turmi da ake kifewa a gindinta a taka. Ta nan komai yake wucewa: gishiri, rariya, dutsen guga, kwanon miya, labarin wanda ya haihu da wanda ya rasu. Maƙwabciyar tela ce, tana da 'yan biyu mata da ba su wuce shekara goma ba, shi ya sa ake ce mata Uwar biyu. Mutuniyar kirki ce, ba zan zalunce ta ba. Ita ta zauna da Yaya lokacin takaba, ita take aiko mini da kunun gyaɗa. Tsakaninta da Yaya ba a taɓa cewa babu ba.

Wata la'asar, zazzaɓin ya ɗan sake ni har na fara jin yunwa, ina tsakanin barci da ido biyu, na ji muryarta ta kan katanga.

"Yaya, ya mai jiki?"

"Da sauƙi."

"Ai na ji dariyarta ɗazu. Maganin nan da kyau yake. Ɗaya daga cikin 'yan biyun nan ce jikinta ya yi zafi rau tun shekaranjiya. Ko za ki ɗan sam mini kaɗan in ba ta?"

Sannan na ji Yaya ta ce, "Mene ne abin tambaya? Waccan ai ta warke, son jiki ne kawai ya rage."

Na ji takunta a ɗakin, na ji ƙarar murfin langa, na ji almakashi yana cin wani abu mai ƙaras-ƙaras. A cikin barcina sai ya zama kaka ce take yanke mini farce a tsakar gida, tana cewa in daina motsi. Da na farka da magariba ƙwayata tana kan kujera kamar kullum. Na saka zancen katangar cikin sauran mafarkaina, tare da ruwan da ya ɗaga gado.

Ba a daɗe ba wata safiya rediyo ya fara labarai, ba a kawo komai ba. Na tambaya.

"Ya ƙare," ta ce daga madafa.

Na ɗan yi mamaki, amma a lokacin ban san Talata daga Juma'a ba, ga shi ƙarfina ya dawo, ina cin tuwo har da neman ƙari. Na yi wanka, na yi kitso, na koma makaranta. Yara suka yi ta murna. Na ɗauka an gama.

Ina tsaye gaban allo ciwon ya dawo. Na ga haruffan da na rubuta suna zamewa ƙasa ɗaya bayan ɗaya, allin ya yi mini nauyi a hannu. Wata malama ce ta kawo ni gida. Wannan karon ba kamar na farko ba ne. Cikina ya kumbura, ko ruwa na sha sai ya dawo, haƙorana suna haɗuwa da rana tsaka. Da gari ya waye ban iya tsayuwa ba, dole Yaya ta zura hijabi ta tari keke. Ta zauna can ƙarshen kujera, ta bar fili a tsakaninmu, ni kuma na jingina da ƙarfe.

Likitar nan dai muka samu. Ta duba katina, ta dube ni.

"Kin shanye maganin?"

"Na shanye abin da aka ba ni."

"Yaushe ya ƙare?"

Sai Yaya, wadda take tsaye bakin ƙofa tana kallon bango, ta ce, "Likita, an ɗan ɗiba. Yarinyar maƙwabta ce ba lafiya."

A nan na gane cewa almakashin nan ba mafarki ba ne.

Likitar ba ta ɗaga murya ba, ba ta da muryar ɗagawa ma. Ta ce Yaya ta zauna. "Hajiya, na san taimako kika yi nufi. Amma maganin nan a kanta aka auna shi, ba a sa rara a ciki ba. Sauƙin da kika gani ba warkewa ba ne, ƙwayoyin cutar ne suka yi laushi. Da aka tsaya sai waɗanda suka rage suka farfaɗo, kuma wani lokaci maganin farko ba ya ƙara cin su. Taifot in ta yi nisa tana huda hanji. Ita ma yarinyar da kika ba, ba a san abin da ke damunta ba, kuma wannan ma'aunin na babban mutum ne, yana iya cutar da ita."

Aka sake ɗibar jini, aka ƙara mini ruwa, na kwana biyu a can. Da amai ya tsaya aka rubuta mini wani magani dabam aka sallame mu. Likitar ta ce in na manta lokaci in sha da zarar na tuna, amma kada in haɗa biyu a lokaci guda don ramuwa. Ta ce in wannan bai yi ba, ko aka sake katse shi, to sai dai doguwar kwanciya da allurai, kuma ba ta son mu kai ga abin da ke bayan wannan.

A keke, muna hanyar gida, yayyafi yana shigowa ta gefe, na kasa riƙe bakina.

"Da 'yar autarki ce a kwance, da ba ki yanka ba."

Ba ta juyo ba. Ta gyara hijabinta, ta ci gaba da kallon shaguna suna wucewa. Na so ta yi mini tsawa, na so ta ce ba ni da kunya, ko me dai. Na san abin da ya sa ta yanka. Da ta hana, da an ce Yaya ta fifita 'yar fari a kan 'yar maƙwabta, ta rasa kara, kuma a wurinta wannan ya fi tsirara a kasuwa muni. Na sani sarai, amma sanin bai rage mini komai ba. Na kwanta na juya wa ƙofa baya, na yi kuka mai isata, ina ganin ni kaɗai ce a duniya aka haifa don a yi kara da ni.

Mafarkan zagaye na biyu ba su da daɗin na farko. Ruwan ya daina ɗaga gadon, sai dai ya tsaya a bakin ƙofa yana kallona. Ina bin lungunan Hanwa a silin amma ƙofar kaka ta ƙi bayyana, kowane lungu sai ya mayar da ni bakin titi. Wani lokaci in ga kaina ƙarama, an ɗora ni a kan acaɓa za a kai ni yaye, wata mata tana tsaye a zaure ta juya baya, kafaɗunta suna motsi. Ban san ko na taɓa ganin haka da gaske ba, yaron yaye ai ba ya tuna komai. Amma matar tana dawowa kullum, ni kuma ina ta ƙoƙarin zagayawa in ga fuskarta, ƙafafuna sun ƙi ɗaguwa.

Sabon maganin ya fara aiki a hankali. Zafin ya riƙa sauka, na fara zama, na fara shan romo. Wato na iso daidai inda aka yanke ni a karon farko, kuma duk motsin da na ji wajen kabet sai gabana ya faɗi. Na yi tunanin in ɗauke ledar in saka ƙarƙashin matashi. Ban ɗauke ba. Wani taurin kai ne ya hana ni, ina so in ga abin da za ta yi.

Ranar da Uwar biyu ta dawo ba ta kan katanga ta leƙo ba, ta zaure ta shigo da sallama, da kwanon ɗanwake a hannu. Hantsi ne, an yi ruwa an ɗauke, ƙanshin ƙasa ya cika ɗakin. Idona a rufe yake amma kunnena yana tsakar gida. Suka gaisa, suka yi zancen tsadar gawayi da ɗinkin da ya taru mata. Sannan ta sauke murya.

"Yaya, yarinyar nan fa zazzaɓin ya dawo. Ta ɗan ji dama, yanzu kuma sai rawar sanyi. Na ji an ce an canza wa Malama wani mai ƙarfi. Ki ɗan taimaka mini da ko biyu ne."

Tsintsiyar da ke hannun Yaya ta tsaya.

"Wannan ba zai yiwu ba, Uwar biyu."

Maƙwabciyar ta yi 'yar dariya, irin ta wanda bai yarda da kunnensa ba. "Yaya, ke ce yau da rowa? A kan 'yar fari? Lallai in na faɗa a layi ba mai yarda."

Da wasa ta faɗa, amma ta san inda ta taɓa. Ina jin ɗigon ruwa daga indararo yana faɗawa cikin bokiti. Na tabbata yanzu zan ji takunta, in ji murfin langa.

"Ki faɗa," Yaya ta ce. "Nata ne, a kanta aka auna. Wancan da na ba ki saura kaɗan ya kai ta ƙasa, ke ma ban taimake ki ba. Ko ƙwara ɗaya ba zan taɓa ba. Waccan ma haihuwarta na yi."

Sai na ji ta ƙara da cewa, "Je ki ɗauko yarinyar, bari in sa hijabi in raka ki a auna ta."

Suka fita, gidan ya yi tsit. Na kwanta ina maimaita kalmomin nan a raina, ina tsoron kada su ma su zama na mafarki. Sai na lallaɓa na tashi, na dafa bango har kabet, na buɗe langar. Katin maganin yana nan, gefensa lafiya lau, ba inda almakashi ya taɓa.

Maleriya ce ta kama yarinyar, aka ba ta nata maganin, wanda ba shi da haɗi da nawa, ta miƙe cikin 'yan kwanaki. Amma maganar ta zaga layi kamar yadda aka yi alkawari. Turmin gindin katanga ya yi kwanaki ba a taka shi ba. Daga baya na ji a wani gidan suna wata tsohuwa ta ce wa Yaya, a gaban mata, ashe ita ma ta bi 'yan zamani, ta fara rungumar 'yar fari. Aka yi dariya. An ce ta sunkuyar da kai kawai, ba ta musa ba. Na san irin asarar da wannan ya jawo mata, shekarunta duka ta yi tana gina sunan nan.

A ranar da abin ya faru dai, da ta dawo daga rakiyar ta yi girki, ta yi sallar magariba, sannan ta ɗaga labule ta shigo da murfin kwano da kofi. Na jira ta ajiye ta juya. Sai ta jawo kujerar ta zauna a kanta, ta miƙo mini ƙwayar da hannunta.

"Haɗiye."

Na haɗiye.

"Shanye ruwan duka."

Na shanye. Ta karɓi kofin ta riƙe a cinya, ta ƙi tashi. Muka yi zaune haka, ni da ita, ba mai kallon wani, ana ta kiran yara su shiga gida a waje. Ina da maganganu da yawa da na tanada tun ina ƙarama, masu zafi da masu sanyi, na neme su na rasa ko ɗaya. Na zame na kwanta. Can sai na ji tafin hannunta a goshina, da kaushinsa da warin albasa, tana duba ko zafin ya sauka. Zafin ya sauka tun jiya, ita ma ta sani. Na rufe idona na yi kamar barci ya ɗauke ni, don kada ta ji kunya ta janye hannun.